Muhammadu Al-Kashinawi: Bakatsinen da ya koyar da ilimin lambobi a Alƙahira

A garin Bwari hedikwatar hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, take, kuma daga nan ake tafiyar da jarrabawar da ɗalibai fiye da miliyan guda suke zaunawa duk shekara. Da yawa daga cikinsu lissafi ne darasin da ke hana su barci. Idan aka tambaye su magabatan wannan fanni, za a ji sunayen Girkawa da Turawa, wani lokaci a ji na Al-Khawarizmi. Da wuya a ji sunan mutumin da ya taso a ƙasar Katsina, ya rubuta littafi a kan tsara lambobi a shekarar 1732, har wani babban malamin Azhar ya zauna a gabansa yana ɗaukar karatu. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi, ya kuwa rasu a Alƙahira a shekarar 1741.

Katsinar da ya taso a cikinta

A ƙarni na 18 Katsina tana cikin manyan biranen ciniki na ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gadamas da Fezzan suna sauka a ƙofofinta, kuma a cikin kayansu akwai takarda da littattafai. Ilimi ya riga ya yi jijiya a birnin tun kafin wannan lokaci. Shaihu Al-Magili ya ratsa Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, hasumiyar Gobarau tana tsaye, sannan a ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da almajirinsa Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Saboda haka Al-Kashinawi ya buɗe ido ne a ƙasar da malanta take da daraja, almajiri kuma yakan bar gida shekara da shekaru yana bin malamai.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun masanin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti, a cikin littafinsa Aja'ibul Athar. Shi ne ya jera malamansa: Muhammad Al-Wali, malamin nan na Bagarmi da ke kudu maso gabashin Tafkin Cadi, da Shaihu Hashim, da Muhammad Fudu, da Muhammad Bindu. A wurin Muhammad Fudu ya karanci mafi yawan littattafan adabi da nahawu, ya lazimce shi wajen shekara huɗu, a zaune da kan hanya. Kafin nan ana yi masa laƙabi da littafin Maƙamat saboda ya haddace shi, daga baya malamin ya riƙa kiransa da sunan Sibawaihi, limamin masana nahawun Larabci, saboda ƙwarewarsa. A wurin Muhammad Bindu kuwa ya ɗauki hisabi, da ilimin sanin lokuta, da ilimin haruffa da aufaƙi, bisa tafarkin malaman Magrib.

Wannan batu na tafarkin Magrib yana da ma'ana a aikace. A hisabin abajada kowane harafi yana da lambarsa, amma mutanen Gabas da na Magrib sun saɓa a kan haruffa shida. Harafin sin, alal misali, 60 ne a Masar da Sham, amma 300 ne a Magrib da ƙasar Hausa. Harafin shin 300 ne a Gabas, 1000 ne a nan. Da wannan hisabi malamanmu suke ɓoye shekarar da suka gama rubutu a cikin kalma guda, abin da ake kira ramzi. Almajirin da zai tafi Masar sai ya riƙe tsari biyu a kansa, in ba haka ba lissafinsa ya ɓaci.

Hanyar Gabas

Da ya ƙoshi da karatu sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar Hajji. A wancan zamani alhazan ƙasar Hausa sukan bi ta Barno da Bagarmi da Wadai da Darfur, ko kuwa su keta Sahara ta Fezzan su faɗa Masar, tafiyar da kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekaru. Al-Jabarti ya ambata cewa ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, sannan ya zauna a Makka na wani lokaci.

A Makka ya fara rubuta littafinsa mafi girma, Ad-Durrul Manzum, wanda ya gina a kan As-Sirrul Maktum da ake jingina wa Fakhruddin Ar-Razi, ya kuma kammala shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146. Littafin yana magana ne a kan taurari da ɗalasimai. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, a 1732, ya rubuta Bahjatul Afaƙ, a kan ilimin haruffa da aufaƙi, wanda shi ne masana tarihin lissafi suka fi kula da shi. Yana da wasu ayyukan: Bulugul Arab a fannin nahawu, da waƙen mandiƙi mai suna Minahul Ƙuddus tare da sharhin da shi da kansa ya yi mata. Wanda ya dubi wannan jeri zai ga malami ne irin na zamaninsa, wanda nahawu da mandiƙi da hisabi duk suke zaune a tabarma ɗaya a wurinsa.

Mene ne wafaƙi?

Abin da littattafan Larabci suke kira wafaƙi, jam'insa aufaƙi, shi ne Bahaushe ya sani da sunan hatimi: zane mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, aka zuba lambobi ko haruffa a ciki. Sharaɗinsa a lissafi guda ɗaya ne. Duk layin da aka tara, na kwance ko na tsaye ko wanda ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, jimillarsa ta zama ɗaya.

Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi, mai gida uku a kowane gefe, gida tara ke nan, ana zuba lambobi daga 1 zuwa 9. A layin sama a sa 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Ta ko'ina aka tara, 15 za a samu. Wannan 15 ba zaɓin mai zane ba ne. Idan aka tara lambobi daga 1 zuwa 9 za a sami 45, layuka kuwa uku ne da dole su yi daidai da juna, to kowanne ya tashi da 15. Haka ma zaman 5 a tsakiya tilas ne. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, jimillarsu 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. A cire 45 daga 60, saura 15, wanda shi ne lambar tsakiya sau uku. Ashe 5 ce, babu wata.

Ƙa'idar tana tafiya a kan kowane girma. A ƙidaya gidaje, a ƙara ɗaya, a ninka da yawan gidajen gefe guda, a raba biyu. Murabba'i mai gida 16 yana ba da 34, muhammasi mai gida 25 yana ba da 65, mai bakwai a gefe 175, mai tara 369, mai goma sha ɗaya 671. Mai gida biyu a gefe kuwa ba ya yiwuwa sam, domin duk yadda aka juya 1 da 2 da 3 da 4, sai wani layi ya karkace.

Masana wannan fanni sun kasa hatimai kashi uku bisa halin lambar gefensu, kuma kalmomin da suka yi amfani da su duk mai yin nafilar dare ya san irinsu. Akwai na wutiri, wato lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 da 5 da 7. Akwai shafa'in da ke rabuwa huɗu, kamar 4 da 8 da 12. Akwai kuma shafa'in da in aka raba shi biyu sai a faɗa kan wutiri, kamar 6 da 10 da 14, kuma wannan kashi shi ne ya fi wahalar ginawa. Kowane kashi da dabararsa, ta wannan ba ta yi wa wancan aiki. Hanyoyin gina na wutiri su ne aka fi sanin Al-Kashinawi da su.

Yadda ake gina na wutiri

Ga hanya guda da mai karatu zai iya gwadawa a kan takarda. A zana gida 25, a sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba ana sa ta ne a gidan da ke sama ta hannun dama, a karkace. In an fita ta sama sai a ɓullo ta ƙasa, in an fita ta dama sai a ɓullo ta hagu, tamkar an naɗe takardar bakinta ya haɗu da bakinta. In gidan da za a shiga yana da lamba, sai a sauko gida ɗaya ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu, a ci gaba. Da an kai 25 za a ga layin sama ya zama 17, 24, 1, 8, 15, layin ƙasa 11, 18, 25, 2, 9, ga 13 a tsakiya, kowane layi kuma 65. Littattafan Larabci suna da 'yan'uwan wannan hanya da yawa, har da waɗanda ake tsallaka gidaje irin tsallen doki a wasan shaɗaranji, gida biyu a miƙe da ɗaya a gefe.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya koyi wannan bai haddace hatimi ɗaya ba, ya koyi umarni ne mai matakai da zai gina masa na gida 9 ko na gida 9,801 ba tare da canji ba. Irin wannan jerin matakai shi ne masu kwamfuta suke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Al-Khawarizmi. Al-Kashinawi ya rubuta wa ɗalibansa irin waɗannan matakai, da misalai, ya kuma gargaɗe su kada su karaya idan lissafi ya ƙi, domin fannin ba ya buɗewa sai ga mai naci.

Ba shi ne ya ƙago ilimin ba, bai kuma yi iƙirarin haka ba. Sinawa sun san musallasi tun zamanin da. A ƙarni na 10 Abul Wafa Al-Buzjani ya yi rubutu a kan gina aufaƙi, Ikhwanus Safa na Basra kuma suka sa su cikin risalolinsu. Abin da tarihinsa ya nuna shi ne cewa wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa da Barno, ya zauna, ya nuna, har aka sami wanda ya koma da shi Masar a matsayin malami.

Lambar da ke ɓoye cikin gida 25

Akwai tambayar da mutanen zamaninsa ba su da kayan aikin amsa ta: hatimi nawa ne za a iya ginawa a kowane girma? Kowane hatimi ana iya juya shi ta fuska huɗu, kowace fuska kuma a kife ta kamar a madubi, siffa takwas ke nan na abu guda. Idan aka ƙirga takwas ɗin a matsayin ɗaya, musallasi guda ɗaya tak ne a duniya. Murabba'i 880 ne, kamar yadda Bafaranshe Frénicle de Bessy ya jera su a aikinsa da aka buga a 1693, bayan rasuwarsa. Muhammasi kuwa sai a 1973 Ba'amurke Richard Schroeppel ya ƙirga su da kwamfuta, ya sami 275,305,224.

Wannan lamba ta cancanci a tsaya a dube ta da ma'aunin da Al-Kashinawi ya koya. Shafa'i ce, ana raba ta biyu har sau uku: ta zama 137,652,612, sannan 68,826,306, sannan 34,413,153, a nan aka faɗa kan wutiri. Ke nan tana rabuwa da 8, ba ta rabuwa da 16. Idan aka tara alƙalumanta tara za a sami 30, abin da ke nuna tana rabuwa da 3 amma ba ta rabuwa da 9. In kuwa aka ƙirga kowace siffa daban, sai a ninka ta da takwas, a sami 2,202,441,792.

Girmanta ya fi bayyana idan aka auna shi da lokaci. Da a ce wani magatakarda ya zauna tun shekarar da Al-Kashinawi ya rasu, yana zana muhammasi ɗaya kowane minti, ba dare ba rana, ba ci ba sha, da yau bai daɗe da wuce rabi ba, domin aikin zai ci fiye da shekara 520. Duk wannan daga gida 25 ne kawai. Idan aka ƙara gida ɗaya a gefe, aka koma mai shida, yawan hatiman ya kai lamba mai alƙaluma 20. Wannan ne dalilin da ya sa lalube ba ya gina hatimi, sai ƙa'ida.

Tsakanin hisabi da tsibbu

Ba adalci ba ne a ba da tarihin wannan malami a ɓoye abin da littattafansa suka ƙunsa. A wurinsa da mutanen zamaninsa, aufaƙi suna haɗe da asirin haruffa da motsin taurari, ana rubuta su don neman tsari da waraka da biyan buƙata. Shi kansa ya yi wasiyya da a ɓoye ilimin daga waɗanda ba ahalinsa ba. Malamai da yawa sun yi inkarin wannan ɓangare tun da daɗewa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya soki ilimin asirin haruffa a Muƙaddimarsa, ya danganta shi da sihiri. Har yau a ƙasar Hausa, da an ce hatimi, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne laya da rubutun sha da malaman tsibbu, kuma wannan yana cikin abin da ya sa 'yan boko da malaman sunna duka suka kau da kai daga gare shi.

Hukuncin amfani da hatimi don neman asiri magana ce ta malaman shari'a. Amma jimillar 65 ba ta da mazhaba. Hujjar da ta tilasta 5 zama a tsakiyar musallasi hujja ce ta hankali, kowa zai iya bin ta ya tabbatar. Turai ma ta bi wannan hanya: Cornelius Agrippa ya jingina hatimai ga taurari bakwai a littafinsa na asirai a ƙarni na 16, sannan Leonhard Euler, wanda yake da shekara 34 lokacin da Al-Kashinawi ya rasu, ya ɗauke su a matsayin lissafi zalla. Daga binciken Euler a kan jadawalin da kowace alama ke fitowa sau ɗaya a kowane layi, masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya samo tsarin raba gonar gwaji fili-fili don auna taki da iri ba tare da bambancin ƙasa ya ruɗi sakamako ba. Wasan Sudoku da ake bugawa a jaridu ɗan wannan gida ne. Su sun tsame lissafin suka ci gaba da shi, mu kuwa muka haɗa shi da layar muka ajiye.

Gidan Al-Jabarti

A Alƙahira, Al-Kashinawi ya sauka a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, malamin fiƙihun Hanafiyya kuma masanin falaki da handasa, wanda asalin zuriyarsa daga yankin Habasha take. Mai masaukin ya zama ɗalibin baƙonsa, ya karanci ilimin aufaƙi a wurinsa. A wannan gida ajali ya riske shi a 1154 ta Hijira, wato 1741. Ya naɗa Shaihu Hasan wasiyyin dukiyarsa da littattafansa, shi kuma ya binne shi a Bustanul Ulama da ke maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Abdurrahman Al-Jabarti bai ga wannan baƙo da idonsa ba, domin sai bayan fiye da shekara goma da rasuwarsa aka haife shi, kusan lokaci guda da haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ya tashi ne a gidan da littattafan suke, ga kuma mahaifin da ya san mai su, shi ya sa da ya zo rubuta tarihin Masar ya ba Bakatsinen gurbi a cikin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani. Da littattafan sun faɗa hannun wanda bai san darajarsu ba, da wataƙila ko sunansa bai iso gare mu ba.

Abin da ya rage a hannunmu

Kwafe-kwafen ayyukansa na rubutun hannu suna ɗakin karatu na Azhar, akwai kuma a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. An buga Ad-Durrul Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20. A gida, Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan bayaninsa na ramzi a 1967, Ahmad Kani kuma ya yi rubutu a kan tarihin hisabi a wannan yanki kafin zuwan Turawa. Amma wadda ta fi yaɗa sunansa a duniya Ba'amurkiya ce, Claudia Zaslavsky, a littafinta Africa Counts na 1973, shekarar da aka ƙirga muhammasai.

Hukumomin da wannan al'amari ya shafa suna nan kusa. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da hukumar tsara manhajar karatu, NERDC, duk suna Sheda a ƙaramar hukumar Kwali. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna suna riƙe da rubuce-rubucen hannu masu yawa na Larabci da ajami. Aikin da ake buƙata sananne ne: a samo hotunan kwafen da ke waje, a haɗa wanda ya iya Larabcin malaman da da wanda ya iya lissafi su tace Bahjatul Afaƙ, a fassara sassan lissafinsa zuwa Hausa da Ingilishi, a sa shafi ko biyu a littafin ƙaramar sakandare. Duk wannan yana farawa ne da takardar da wani ma'aikaci zai rubuta, da layi guda a kasafin kuɗi da wani mataimaki zai kare a gaban maigidansa.

Kafin nan, darasin farko ba ya buƙatar kasafi. Takarda ce da alƙalami da gida tara. A ba yaro lambobi daga 1 zuwa 9, a ce ya jera su kowane layi ya ba da 15, a bar shi ya sha wuya har ya gano da kansa cewa 5 ba ta da wurin zama sai tsakiya. In ya gano, sai a gaya masa cewa wani malami daga Katsina ya koyar da wannan ilimi a Alƙahira kusan shekara 300 da suka wuce, kuma sunansa Muhammadu Al-Kashinawi. Allah Ya jiƙansa da rahama.